Motar Cindo da Ƙeyar Baba Noma

Ranar kasuwar da ta wuce muna zaune a rumfar tasha muna jiran lodi, sai wani yaro cikin sababbin direbobi, Nafi'u, ya miƙo mini wayarsa har tana neman taɓa mini hanci. Wai in kalli wata mota a ƙasar Turawa. Na kalla. Mota na tafiya, sitiyari na juya kansa, kujerar direba wayam, wata mata a baya ta miƙe ƙafa tana cin abinci. Samari suka kewaye ni suna jiran su ga na firgita. Nafi'u ya ce, "Baba Labbo, sana'arku ta mutu. Ku nemi gona tun da sauran ƙarfi."

Na mayar masa da wayarsa. Na ce wannan ai tsohon yayi ne. Ni na ga motar da ba direba tun kafin a haifi yawancinsu, kuma ba a waya na gan ta ba, a kan hanyar nan ta Argungu muke gilmawa da ita kullum. Suka kwashe da dariya. Ɗana na fari, wanda suke kira Ɗanjuma, yana zaune a ƙarshen benci, kansa a sunkuye kan tasa wayar. Shi ma direba ne yanzu. Ɗan fari ne, don haka ba mu cika haɗa ido ba, balle in zaunar da shi in yi masa faɗa. Amma kwana kaɗan kafin nan na gan shi a kwanar Badariya da fasinja cike da mota, kansa a sunkuye kamar haka, mota na tafiya. Na ce da su to su gyara zama, tunda motata ba ta cika ba.

Ku yaran yanzu kun ɗauka tuƙi shi ne sitiyari da giya da totur. Wannan ko biri aka ba shi wata guda zai iya. Abin da Maigida Bawa ya ɓata shekaru yana koya mini shi ne yadda mutum zai hana idonsa yawo. Bawa gajere ne, mai ƙaramar bas fara da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Na daɗe ina wanke masa mota, ina ɗaure kaya, ina zuba ruwa a lagireto, kafin ya yarda in zauna bayan sitiyari. Ranar farko ya zauna a gefena, ya cire silifa ɗaya ya ɗora a cinyarsa. Ban tambayi dalili ba. Mun ɗan wuce Ambursa sai ya ce, "Kai, Labbo, duba raƙumi mai kai biyu." Na duba. Silifa ta sauka a ƙeyata.

Haka muka yi ta yi. Yau ga gobara, gobe ga amarya, jibi ga kada ya fito daga fadama yana shan hantsi. Duk ranar da na waiga sai na sha. Har wata rana muna dawowa ya ce, "Ga uwarka can tana ɗaga maka hannu." Na ce a raina, yau kam ba ka samu ba, tsoho. Na kafa ido a kwalta na wuce abina. Da yamma na isa gida na tarar da Inna ta kumbura ta yi fam, ta tako da ƙafa tun daga mararraba da ƙullin gero a ka. Ashe da gaske ita ce. Bawa da kansa ya je ya ba ta haƙuri da goro. A hanyar dawowa na ce masa, to Maigida, yaya ke nan, in waiga in sha silifa, in ƙi waigawa in sha zagi. Ya ce, "Wa ya hana ka tsayawa? Ko ka tsaya, ko ka wuce. Abin da ke tsakani shi ke kashe mutane." Ban taɓa manta wannan magana ba, ita ce duk karatun da na yi.

Motar Bawa ba ta da rediyo. Ya cire ta da hannunsa ya toshe ramin da tsumma, ya ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Kayan aikinmu jak ne da sifana da igiyar ɗaurin kaya da galan ɗin ruwa, sai wani guntun icce da muke tokare taya da shi a gangare. Madubin da ke tsakiya kuwa ya ce na ganin bayan mota ne, ba na ganin wadda ta zauna a kujerar baya ba ne, kuma ya san bambancin kallon biyu ko da idonsa a rufe.

Fasinja kuma kala-kala ne, amma wanda ya zauna gidan gaba shi ne jarrabawar direba. Akwai mai nuna maka gonarsa, dole sai ka yaba yadda albasa ta yi. Akwai mai buɗe ƙunshin kifi ya ce ka zaɓa. Na taɓa ɗaukar wani malami daga Gulma, mutumin kirki, muna barin tasha ya ja doguwar addu'ar tafiya, kowa ya ɗaga hannu. Da ya kai ƙarshe ya juyo yana jiran in shafa. Na ce amin da baki. Ya ce, "Direba ba ka shahwa ba." Na ce, "Allah gafarta malam, in na shafa da hannu biyu, addu'ar taka za ta yi aiki da yawa." Bai sake yi mini magana ba har Argungu, amma ya sauka da ƙafafunsa.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. A ƙasarmu abin da ya fi ɗauke hankalin direba shi ne gaisuwa. Daga nan zuwa Argungu babu ƙauyen da ba ka da wani a ciki, ko ƙanen uba, ko abokin wasa, ko wanda kuka yi sahu ɗaya a sallar Idi. Kowa yana bakin hanya, kowa ya san motarka, kuma kowa yana lissafin ranar da ka wuce ba ka ɗaga hannu ba. Ni dai dabarata ɗaya ce, in danna hon sau biyu, hannuna yana kan sitiyari, idona yana gaba. Mutane suka saba. Wasu suka ce Labbo girman kai gare shi, na bar su da bakinsu.

Sai na yi aure.

Kulu 'yar wani ƙauye ce a kan hanyar, ba zan faɗi sunansa ba don dangi na nan da ransu. Mahaifinta Baba Noma manomin shinkafa ne da albasa, dogon tsoho mai farin gemu. Ciwon gwiwa ya hana shi shiga fadama, sai ya mayar da bakin titi gonarsa. Gidansu na kallon kwalta, akwai bishiyar durumi a ƙofa, nan yake shimfiɗa tabarma tun hantsi har la'asar sakaliya. Kallon titi shi ne abincinsa. Ya san kowace mota da kukanta, ya san wanda ya sake taya, ya san wanda ya ɗauki kaya fiye da ƙima. In ka ba shi labarin Makka zai saurara, amma in tirela ta taho sai ya ɗaga maka hannu ka dakata ta wuce tukuna.

To ni ga ni suruki, kuma ina wuce wannan tabarma safe da rana da yamma. Kun san yadda ake gaida suruki. A cire takalmi, a durƙusa, kai a ƙasa. Ni kuwa sai in danna masa hon sau biyu, wani lokaci har sau uku don girmamawa. Na ɗauka ina ƙoƙari. Ashe tsoho na tarawa. Suruki ba ya faɗa maka magana a fuska, sai dai ya faɗa wa maƙwabci da ƙarfi yadda za ta iso ka. Abin da ya iso ni shi ne, "Wanga yaro ni yaka busa ma ƙaho? Akuya ni ke?"

Da ni kaɗai ne surukinsa da abin ya zo da sauƙi. Amma ƙanwar Kulu ma direba ta aura, Cindo, mai wata akori-kura shuɗiya da ke ɗaukar buhuna da mutane a bisansu. Cindo mutum ne mai tsawo kamar gwangwala, mai kunya, ga ladabi kamar ya kashe shi. Bai taɓa zama gefen Bawa ba, a gareji ya koyi mota. Shi ya samo tasa dabarar. Akwai wani kwalbati kafin gidan Baba Noma, akwai masallaci gaba da gidan, hanyar kuma a miƙe take. Da Cindo ya hau kwalbatin sai ya rage gudu kaɗan, ya daidaita sitiyari, ya zame takalmansa, ya naɗe wannan tsawo nasa ya nutse ƙasa har goshinsa ya kusa taɓa giya. Daga can ƙasa za ka jiyo murya ta taga, "Baba, an wuni lahiya?" Ba ya ɗagowa sai ya ƙiyasta ya kai masallaci.

In kana bakin hanya abin da za ka gani shi ne mota ta taho, gilashi fayau, ba kowa a ciki, ta yi gaisuwa ta wuce. Yara suka sa mata suna Ba-Direba, suna bin ta da gudu. Wata tsohuwa baƙuwa daga Augie ta gan ta ta zubar da ƙwaryar nononta ta shiga gidan mutane tana salati. Fasinjan da ke bisa buhuna da farko suna ihu, daga baya suka saba, har wasu na cewa motar Cindo ta san hanya da kanta. Baba Noma kuwa ya samu abin alfahari. Duk wanda ya zauna a tabarmarsa sai ya ji. "Ku duba Cindo. In ya zo wucewa ko hulatai ba ka gani. Wannan shi a ɗa."

Na samu Cindo a tasha na ce masa, ɗan'uwa, abin nan da kake yi wata rana zai ɗauki rai. Ya ce, "Yaya Labbo, hanyar a miƙe take, kuma ina jin ta a jikina. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle Baba." Na ce ai ba durƙuson nake ƙi ba, ka taka birki ka fito ka durƙusa har ka kwanta in kana so. Ya ce kaya na jira. Muka rabu a haka.

Da Kulu ta samu cikin fari ta tafi gida haihuwa kamar yadda aka saba. Ta haifi namiji ranar Juma'a. Aka yi suna, aka yi wankan jego, arba'in ta cika. Na share ɗakina a unguwar Nasarawa, na sayi sabuwar tabarma, na zauna jira. Shiru. Na aika ƙanen babana. Ya dawo ya ce mini tsoho ya ce yarinya ba ta gama warwarewa ba. Wata ya sake zagayowa na sake aikawa. Wannan karon amsar ta fito fili. "Ɗiyata da jikana ba su komawa gidan da ba a san babba ba. In ya koyi gaisuwa ya zo mu gani."

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci mini rai. Ɗana na girma a gidan da nake wucewa kullum, ban san ko ya fara dariya ba.

Sai na ce bari in bi maganar Bawa, in riƙa tsayawa. Ranar farko na ɗauko 'yan kasuwar kifi daga Argungu, kwandunan banda har saman mota, ga ɗanyen kifi a cikin daro. Na faka a gindin durumi, na fito, na cire takalmi, na durƙusa. Kun san gaisuwar tsoho ba ta da birki. Ya gajiya, ya iyali, ya maigidanka, ya hanya, ya ruwa, wace mota ce na ji ta faɗi wajen gada. Rana na dukan daro. Wata Hajiya mai kifi, babbar fasinjata, ta leƙo ta taga ta ce, "Labbo, in kihina ya ruɓe kai da surukinka za ku cinye shi." Da na dawo da rana na sake tsayawa, da yamma ma haka. Kafin mako ya ƙare ɗan kamasho ya ce mini fasinja na tambaya ko motar mai suruki ce, in ita ce za su jira ta baya. Bawa ya kira ni ya ce motarsa ta haya ce, ba ta zumunci ba.

Na koma tsayawa sau ɗaya a rana, sauran kuma hon. Tsoho ya ce to ga shi nan, ladabin ma na awo ne. Kulu ta aiko ƙanenta da saƙo, wai don Allah in riƙa ɗan sunkuyawa kamar Cindo, ko rabin nasa ne, Baba zai huce. Na daɗe ina juya maganar. Wallahi akwai ranar da na hau kwalbatin nan na ji wuyana ya fara lanƙwasa da kansa. Sai ƙeyata ta tuna da silifa. Na miƙe, na danna hon, na wuce, ina jin idon tsoho a bayana har Ambursa.

Shekarar ita ce muguwar shekararmu. Ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya haura, ya cinye gonakin fadama da dama. Fasinja ya yi ƙaranci, wanda ya shigo mota ma zancensa ɗaya ne, abin da ruwa ya ɗauka. 'Yar shinkafar da mutane suka tsamo, a cikin kwalekwale aka yanko ta, jiƙe sharkaf. Filayen da ake shanya duk laka ne. Wuri ɗaya ya rage busasshe a ƙasar nan, shi ne kwalta. Kowane ƙauye ka shiga za ka ga shinkafa shimfiɗe a gefen titi, an jera duwatsu, mata da yara na gadi suna korar kaji da awaki, domin abin da za a ci ke nan har baɗi. Hanyar da Cindo yake ji a jikinsa ta zama masussuka, shi kuwa bai canza komai ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Na taso daga Argungu da Hajiya mai kifi da kwandunanta da wasu mutum kaɗan. Na doso masallacin ƙauyen, sai na hango shuɗiyar mota ta hau kwalbati daga can ɗaya ɓangaren, ta nufo mu. Ina kallo kan Cindo ya nutse. A ƙofar gidan Baba Noma an shanya shinkafa, wata jar akuya ta sa baki a ciki. Mace ta taso da zani a hannu tana korar ta, da goyo a bayanta. Akuya ta yi tsakiyar titi. Matar ta bi ta, ta ba kwalbati baya. Tun kafin in ga fuskarta na gane tafiyar. Kulu ce.

Na kwanta a kan hon. Ban ɗaga hannu ba. To amma ku tuna, hon ɗina gaisuwa ce, duk ƙauyen sun san haka. Kulu ta ji ta ƙara sunkuyar da kai don kunya, mijinta na wucewa a gaban babanta. Cindo ya ji daga ƙasan sitiyari, ya faɗa mini daga baya, ya ce a ransa, Allah sarki Yaya Labbo, yau gaisuwar da tsawo. Baba Noma kuwa idonsa na kan motar Cindo, yana murmushi yana jiran a ce an kwana lafiya.

Babu wani tunani da na yi, ƙarya ne in ce na yi. Idona dai yana wurin, shi ke nan. Na ga tazarar da ke tsakanina da ita, na ga wadda ke tsakaninta da shuɗiyar mota, na ga tawa ta fi gajarta. Na taka totur maimakon birki, na bi ta gefenta har iskar mota ta ɗaga mata mayafi, na karya sitiyari na gicciya bas ɗin Bawa a hannun Cindo, sannan na taka birki da ƙafa biyu.

Ƙarar ta kai fadama. Allah ya taimaka ba da gudu yake ba, ladabi ya sa yana rage wuta. Akori-kura ta daki haƙarƙarin bas ta tura mu kamar taku biyu ta tsaya. Igiyar saman mota ta tsinke, kwandunan banda suka tashi sama suka dawo, kifi ya yi ruwa a kan shinkafa, a kan tabarma, har a cinyar Baba Noma. Mutanen da ke bisa buhunan Cindo suka gangaro ɗaya bayan ɗaya. Akuyar ta dawo ta ci gaba da cin shinkafarta. Cikin wannan shiru da ke biyo bayan ƙara, sai ga murya daga ƙasan shuɗiyar mota, a shaƙe, don kansa ya maƙale tsakanin sitiyari da kujera. "Baba, an kwan lahiya?"

Hajiya ce ta fara magana, kuma abin da ta faɗa ba zai maimaitu a rumfar nan ba. Aka jawo Cindo ta ƙafafu, ba takalmi, goshi ya yi ƙulu. Ni gwiwata ce ta bugu, har yau ita ke faɗa mini hadari ya taso kafin kowa ya gani. Ba wanda ya karye. Kulu na tsaye inda take, zanin korar akuya a hannunta, yaro a bayanta ko farkawa bai yi ba. Tsakaninta da jikin bas ɗina bai fi ka miƙa hannu ba.

Baba Noma ya tashi da sandarsa, mutumin da sai an kama shi yake miƙewa. Bai kalle ni ba, bai kalli Cindo ba. Ya taka zuwa bayan shuɗiyar mota ya duba kwalta. Babu zanen birki ko na tsawon yatsa. Ya bi layin tayar da sanda, a hankali, ya zagaya bas ɗina, ya ci gaba da bin layin har sandar ta tsaya a ƙafar 'yarsa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗaga mayafin ya leƙa fuskar yaron, ya mayar, ya shige gida. Kifi na maƙale a aljihun rigarsa bai sani ba.

Da aka jawo bas zuwa Birni na tsaya gaban Bawa ina jiran silifa, ko abin da ya fi ta. Ya zagaya motar, ya sa hannu a inda ta lotsa. Ya ce, "Ina idonka yake?" Na ce a kan hanya. Ya ce, "To kai ta wajen mai gyara."

Washegari da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki da gwiwa a kumbure sai ga mota ta tsaya. Kulu ta fito da goyo, da 'yan rakiya mata biyu, da ƙullin albasa, da rabin buhun shinkafa, a shekarar da rabin buhu ya fi ƙarfin kyauta. Na tambayi ko akwai saƙo. Suka ce babu. Na karɓi yaron, ya kalle ni ya tsala kuka, bai san ni ba.

Sai da aka gama gyaran mota na sake bin hanyar. Na doso kwalbati ina shirin tsayawa, don na yi niyyar in durƙusa in yi godiya ko fasinja za su cinye ni. Tabarma na nan a gindin durumi, tsoho na kai. Amma ya juya. Fuskarsa na kallon katangar gidansa, bayansa na kallon titi. Na ɗauka ranar ce kawai. Da na dawo haka, washegari haka. Maƙwabta suka tambaye shi, ya ce hasken kwalta ke damun idonsa. Cindo, da yake Cindo ne, ya ci gaba da nutsewa yana gaida bayan, har tsoho ya faɗa wa maƙwabci da ƙarfi, "A gaya ma direbobi ƙeya ba ta amsa gaisuwa. Mai son ganina ya zo da ƙahwa, ran da ba ya aiki." Daga nan Ba-Direba ta samu direba, yara suka daina bin ta.

Da na kawo nan Nafi'u ya ce, to ai ka gani Baba, motar Turawan ta fi ku, tunda ba ta da suruki. Na ce wannan gaskiya ne, kuma ba ta jin barci, ba ta kallon madubi don wata. Ni ba na gaba da ita. Ya ce tana da idanu gaba da baya da gefe. Na ce madalla. Abin da zan so in sani kawai, in ta shigo ƙauye ta ga akuya ta yanko titi, ta san mai akuyar na biye? In ta sani a kawo ta, ni zan fara shiga gidan gaba in nuna mata gonaki. Motar Cindo ma ta daɗe tana tafiya lafiya har mutane suka yarda da ita, don ba a taɓa ajiye mata sabon abu a gaba ba.

Sai Nafi'u ya ce ai akwai wata iri ma, ita tana tuƙi, mutum na zaune a kujera yana harkarsa, in abu ya taso sai ya karɓa. Na ce wannan kam na san ta, shuɗiya ce. Ko ka tsaya, ko ka wuce. Kuma ba sai an kawo ta daga Turai ba, na ga irinta a kwanar Badariya kwanan nan, cike da fasinja, direba ya nutse yana gaida wani a cikin tafin hannunsa.

Dariyar ta ɗan ragu. Ban kalli ƙarshen benci ba.

Baba Noma ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan rana. Mutumin da ba abin da yake so a duniya kamar kallon titi, bai sake juyowa ba. Tirela za ta taho, ka ga kunnensa ya motsa, ka ga wuyansa na so, amma ya dake. In na zo gaishe shi da ƙafa ranar Juma'a sai ya tambaye ni a hankali, ba tare da ya kalle ni ba, wace irin mota ce sabuwar nan mai kukan sauro, wane launi gare ta. In faɗa masa. A gaban katangar nan aka same shi ranar da ya cika.

Ɗan kamasho ya leƙo ya ce motata ta cika. Na miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Na ce da Nafi'u, tunda kai ne mai baki, akwai wani a ƙarshen bencin nan da ni ba na iya yi wa magana. Ka gaya masa wanda yake gaisarwa a cikin wayar nan ba zai taɓa juya masa baya ba, shi da kansa ne zai kife wayar. Ka gaya masa kakansa ya ƙare rayuwarsa yana kallon katangar laka saboda shi.

Na shiga mota na tayar. Ban waiga ba, ba a koya mini haka ba. Amma madubi na ganin bayan mota ne, kuma benci a bayan mota yake. Na ga Ɗanjuma ya tashi ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya sa wayar a ƙarƙashin sifana, ya rufe.